Kwalin Makamai

Daren Juma'a a Duluth, dusar ƙanƙara har gwiwa,
ni ce a ƙofar silima, ina yaga tikiti.
Ga doka manne a gilashi, Halvorsen ya rubuta da jan biro:
kaya a sa, amma fuska a buɗe;
takobi, ko na soso ne, ya tsaya a bakin ƙofa;
hular da za ta tare wa na baya, a sauke ta kafin a kashe fitila.

Layi har bakin titi.
Wani ya yi wata uku yana ɗinka fukafukai,
ƙofa ta ce masa, faɗinka ya fi nawa,
ya shiga a karkace kamar mai shigar da katifa.
Wata ta shafe fuska da shuɗi har cikin kunne,
na miƙa mata tsumma, ta dube ni
kamar na ce ta goge sunan ubanta.
Ba ni na kashe zomon ba, 'yar'uwa,
rataya aka ba ni.

Kwalin ƙarƙashin tebur yana ta cika:
mashin takarda, gatarin roba,
garkuwar da jiya murfin tukunya ce,
bindigar ruwa da aka fesa wa baƙin fenti,
kowanne na liƙa masa lamba.
Jarumai suna wucewa hannu rabbana,
daga gugguru sai kofin lemo.

Na san dalilin dokar, kowa ya sani.
A cikin duhu ba a tambayar bindiga, ke ta wasa ce?
Wanda maciji ya taɓa sara
ko baƙin tsumma ya gani, sai ya yi tsalle.

Wani ƙato ya cire kwalkwalinsa na azurfa,
ashe Mista Ostrander ne, malamin lissafinmu,
wanda shekara huɗu ban ga haƙorinsa ba.
Ya ce, Lorna, ba ki gan ni ba.
Na ce, wa?

Sai ita, can ƙarshen layi.
Ba ta kai tsayin tebur ba,
fuskar dila ta kwali ɗaure da zaren takalmi,
surutu take kamar rediyo.
Uban ya sunkuyo, gemunsa duk ƙanƙara:
Odette ba ta magana a makaranta,
ko a gida sai da kai take amsawa.
Tun da ta sa wannan da safe bakinta bai huta ba.

Na dubi gilashi. Jan biro bai san Odette ba.
Ta kwance zaren da kanta.
Ga giɓi a haƙori, ga ido a ƙasa,
rediyo ya mutu.
Lamba arba'in da ɗaya.

Da fitila ta dushe na kasa zama.
Na ɗauki dilar, na bi duhu da 'yar tocila,
layi na shida, kujerar gefe,
na ɗora mata a cinya:
riƙe, amma kada ki sa.
Doka ta ce fuska a buɗe,
ba ta ce komai game da cinya ba.

Sau biyu na leƙa.
Ta juya dilar tana fuskantar allo,
ta tallafe ta da hannu biyu.

Da aka tashi, kowa ya karɓi yaƙinsa ya tafi.
Ta tsaya a gabana, fuska a fili,
murya ƙasa-ƙasa kamar takun kyanwa:
ita ma ta gani.
Uban ya juya yana neman mukullin da ke hannunsa.

Ƙarfe ɗaya saura, takobi guda ya rage a kwali,
lamba tara, ba mai shi.
Na gama shara, na dubi ƙofar ofis a rufe,
na ɗaga shi sau ɗaya a tsakiyar zaure.
Ya fi yadda nake zato nauyi.